Zartunan Malam da Gawon Gonar Babanmu

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana. Ban kira sunansa yana raye ba, ba zan fara yanzu ba. A unguwarmu nan Damagaram Malam Mai Zarto ake ce masa, wanda ya san shi ya gane. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, don haka masu karatu ku yi mini uzuri. In na ƙara ko na rage a abin da zan faɗa, Allah ya yafe mini, domin magana a kan wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba abin tsoro ce.

Sana'arsa gyaran mobilet, wato ƙananan babura, da injin ban ruwa. Amma abin da ya ba shi suna wani ne daban, wato tara tsofaffin zartunan inji, irin waɗanda ake yanka itace da su. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a Kurmi wajen masu katako, yana wasa musu haƙoran sarƙa da magagari, a can ya kamu da son su. Da ya dawo gida, duk inda ya ji an yar da wani, ko wanda masu aikin hanya suka bari, ko wanda ɗan ci-rani ya dawo da shi matacce, sai ya bi ya karɓo. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya warware shi gaba ɗaya, ya jera ƙusoshi a faranti kamar mai tsintar wake. Ya wanke da kananzir, ya goge buji, wato fulogi, ya ɗaura igiyar tayarwa sabuwa. Wani sai ya yi wata da watanni yana neman ɗan ƙarfe guda, har saƙo yake bai wa direbobin Kano. Ranar da inji ya tashi, yaran unguwa su cika ƙofa, kajina su watse, shi kuwa yana tsaye cikin hayaƙi yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Akwai wani babba mai launin ja, wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi, shi yake kira Tsoho. Nakan ce masa, "Malam, ko ni ba ka shafa mini mai kamar yadda kake shafa wa Tsoho." Ya ce, "Ke ai ba kya tsatsa."

Abin da baƙo ba ya lura da shi shi ne babu ko ɗaya da ke da sarƙa. Duk zarton da ya gyara, sai ya cire sarƙar ya nutsa ta a wani babban gwangwani na baƙin mai, ya rufe. Injunan suna ruri amma ba sa cizo. Dalili kuwa, tun farkon dawowarsa ya taɓa gyara wa wani dillalin itace guda. Bayan ɗan lokaci aikin injin ban ruwa ya kai shi wajen Gidimuni, ya tarar da wani wuri da ya sani da duhun itatuwa ya zama fili, sai kututture. Ya tambaya, aka kira masa sunan dillalin. Ya dawo bai ci abinci ba. Washegari bayan sallar asuba ya dafa Alƙur'ani a gabana, ya rantse cewa zarton da ya bi ta hannunsa ba zai ƙara taɓa itace ba. Ni ce shaida. Da na san abin da ke tafe, da na riƙe hannunsa.

Sai fari ya zo. Waɗanda suka gani ba sa buƙatar in ba su labari, waɗanda ba su gani ba kuwa ba na yi musu fata. Damina ta yi ƙarya, ta bayanta ta fi ta. Mutanen ƙauye suka cika bakin gari, shanu suna faɗuwa a hanya, ana layi a kan jar dawar taimako.

Ni 'yar ƙauye ce, daga wani ɗan gari ta wajen Dakusa. Gonar babanmu tana hannun yayana Mamman, kuma a cikinta akwai manyan gawo da kakanmu ya tarar. Tsofaffi suna cewa a zamanin sarakunan da, wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram ya sayi mutuwarsa. A shekara ta biyu ta farin, da rana tsaka, sai ga Yaya Mamman a ƙofarmu. Ban gane shi da farko ba, rigarsa ta yi masa yawa. Na kawo ruwa, na kawo fura, ya sha, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Masu gashin burodi a birni suna sayen itace. Yana son aron zarto guda da sarƙarsa, ya kayar da gawon nan, ya sayi hatsin da zai kai iyalinsa damina. Da gatari ba zai iya ba, ba shi da ƙarfin, kuma sara na kwana da kwanaki sai 'yan gandun daji sun ji. Da inji kuwa safiya ɗaya ta isa.

Ina bayan ƙyaure ina ji. Malam ya ce, "Yaya, na yi rantsuwa."

Yaya ya ce, "Na sani. Rantsuwa ai tana da kaffara, Malam. Ciyar da miskinai goma. Ba sai ka je nema ba, a gidana mun kai."

Malam ya ce masa ga buhun gero guda da muke da shi, a raba biyu. Ya ce Yaya ya turo yaransa su zauna wurinmu har a ga yadda Allah zai yi. In aka sare gawon, in ji shi, hatsin zai ƙare kafin wata uku, gonar kuma ta zama rairayi har abada. Yaya ya ce shi ba bara ya zo ba, abin babansa zai sayar, aron ƙarfe kawai ya roƙa. Na fito na durƙusa, na roƙi Malam, na juya na roƙi Yaya ya karɓi geron. Kowannensu ya dube ni kamar ba a wurin nake ba. Yaya ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya ce, "Ladi, ki gaishe da ƙarafan mijinki." Rabin buhun da muka aika a bayansa da amalanke, haka ya dawo mana ba a kwance bakinsa ba.

Kafin wata ya kama ya rufe gida ya kwashi iyalinsa zuwa Kano. A can ƙyanda ta shiga yaran, jiki ba ƙwari, ta tafi da autarsa Zuwaira, yarinyar da ni na yi mata kitson farko. Sai bayan damina uku ya komo gonarsa. Daga nan bai sake taka gidanmu ba. Ranar da Malam ya rasu ya zo, ya bi sallar gawa, ya kai shi makwanci, ya juya tasha bai shigo ya yi mini gaisuwa ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ni na ga an ɗaure shi an bar shi yana lilo shekara da shekaru.

Malam bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, bai kuma taɓa cewa ya yi daidai ba. Abin da na gani shi ne, tun daga ranar da labarin Zuwaira ya iso bai ƙara tayar da Tsoho ba. Yana goge shi, yana shafa masa mai, amma bai ƙara jan igiyarsa ba. Sauran ma sai jefi-jefi, kuma ba ya kiran yara kallo.

Ni kuwa na ɗauki maganar na yi ta yawo da ita. Na tambayi malamai ba ɗaya ba ba biyu ba. Wani ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi kaffara ya aikata alherin. Na ce to, wanne ne alherin? Ya ce Allah ne masani. Wani ya ce ajali ba ya jiran zarto, ko a gida take kwananta ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda, amma yarda daban, barci daban.

Mutane suna so su sauƙaƙa mini. Suna cewa ki dubi gonar yau, geron da ke ƙarƙashin gawon nan ya fi na kowa tsayi, 'ya'yansa ke riƙe awakin gidan duk rani, jikokin Yaya daga nan suke ci. Gaskiya ne. Amma na san wani maƙwabcinsa da ya sare nasa a shekarar, ya sayar, bai je ko'ina ba, 'ya'yansa duk suna raye, gonarsa kuma da ya bar tohon itace ya tashi ta soma farfaɗowa. To wa zan tambaya? Da Malam yana nan ya ga yadda manoma yanzu ke kewaye ɗan tsiron gawo da garma ba sa tumɓuke shi, na san zai ji daɗi. Da kuma ya ga zartunan zamani marasa nauyi da ake sayarwa a kasuwa kamar rediyo, wanda yaro zai rataya a babur, ban san me zai ce ba. Wataƙila ya ga duk abin da ya tsare a zaurensa cokali ne a bakin rijiya. Wannan tunanin ya fi kowanne tsaya mini a rai.

Zartunan suna nan a rataye. Ɗana na biyu, Sani, shi ya gaji garajin, shi ke kula da su. Gwangwanin sarƙoƙi kuwa yana ɗakina, nakan duba murfinsa fiye da yadda hankali zai ɗauka.

Da ranin bana ɗan Yaya, Ilya, ya yi sallama. Ya ce babban gawon tsakiyar gona ya bushe a tsaye, ya karkata kan hanyar da yara ke bi da awaki. Suna iya ɗaukar mai inji haya daga Takieta, amma baba ya hana. Yaya ya ce a zo a gaya mini, itacen ya mutu da kansa, shin rantsuwar tana nan da rai?

Na kwana ina juyi. Rantsuwar ba tawa ba ce, ba ta Sani ba ce, mai ita ya tafi. Amma a gabana aka yi ta, kuma cewa ya yi itace, bai ce ɗanye ko busasshe ba. In na bayar, na ci amanar matacce. In na hana, na maimaita wa Yaya abin da aka yi masa, shi kuma ya haura tamanin, idonsa ya tafi, ba lallai a sake aikowa ba. Gaba kura, baya sayaki. Na je wurin limaminmu, ya ce babu komai a kaina, babu kaffara a kan kowa. Na gode masa, na dawo, na buɗe gwangwanin, na kuma sa aka auno mini gero.

Sani ya yi kwanaki yana lallashin Tsoho kafin ya yarda ya tashi. Muka ɗora shi a mota, ni ma na shiga. Aka kawo Yaya gona a amalanke, aka zaunar da shi a inuwar ɗaya daga sauran gawon. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Sani da Ilya suka kama injin, ƙara ta cika dajin. Ni na koma gefe da matan gida muka ɗora tukunya. Ruwan bai gama tafasa ba muka ji ƙasa ta girgiza.

Da ƙura ta lafa, Yaya ya ce, "Har an gama?"

Ilya ya ce, "An gama, Baba."

Yaya ya ce, "Ɗan wannan aikin ne fa na roƙa."



Na tuƙa tuwon geron da na zo da shi, na yi miyar kuka, na ƙirga mutum goma daga gidansa na zuba wa kowa, na ɗauki kwano na kai gabansa da kaina. Ya shafa bakin kwanon, ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Kaffarar Malam ce, Yaya. Liman ya ce ba dole ba ne. Ni dai na kasa zama." Na tuna buhun da ya dawo a ɗaure. Ya ce, "Ke dai Ladi, tun kina yarinya ba kya barin kanki ya huta. Miƙo ruwa in wanke hannu."

Me ya rage na maigidana? Ƙarafa a bangon zaure, da gawon da suka saura a tsaye a gonar da ba tasa ba, da kabarin yarinya a Kano wanda ban san inda yake ba. Ba zan iya ɗora su a ma'auni ɗaya ba, na gwada shekara da shekaru. Mutum ne da ya ji tsoron abin da hannunsa zai iya yi, har tsoron ya hana shi miƙa hannun a ranar da aka fi bukatarsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Zuwaira, ya auna masa da rahama, ba da irin awona ba.

Na wanke sarƙar na mayar da ita cikin mai na rufe. Yaya bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaye shi ba. Amma ya cinye tuwon, har ya ce gishiri ya yi kaɗan.