Mai manjan da ban tambayi sunanta ba

Shekara goma sha biyu muna zama rumfa ɗaya a kasuwar Gidigir, ni da ita, amma ban san sunanta ba. In na faɗa wa 'ya'yana haka sai su kama dariya. Ni kuwa wallahi ban ga abin dariya ba.

Duk ran kasuwa daga Gure nake tasowa da kanwa da dabino, in hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, in zauna kan buhuna. Ita kuma daga Najeriya take ƙetarowa, daga wajen Nguru, da jarkokin manja. Ranar da muka fara haɗuwa, rana ce ta koro ta daga bakin hanya, na matsa mata a tabarmata. Ina duban fuskarta na ga zanen Mangawa irin na mahaifiyata sak. Ta ce ai kakarta 'yar Bune ce, nan kusa da Gure, aure ya kai ta Najeriya. Ta girme ni nesa ba kusa ba, sai na ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini mai kanwa. To ina ni ina buɗe baki in tambayi babba sunanta? Ba haka aka rene mu ba. Na bari sai na ji a bakin wani, ga shi kowa a kasuwar mai manja yake ce mata. Da aka shekara biyu, aka shekara uku, tambayar ta zama abin kunya. Wadda kuke sa hannu a kwano ɗaya, ta yaya za ki dube ta ki ce wai ya sunanki?

Mu ba ma ciniki. In kasuwa ta fara watsewa sai ta tsiyaya mini manja a galan, ni kuma in cika mata buhu da jar kanwa, wadda ta ce matan unguwarsu ba sa dafa wake sai da ita. Ga ta da tsiya. Ta ciji dabinona ta ce, "Mai kanwa, sauran haƙoran nawa kike nema?" Ni kuma in ce manjanta ya sha ruwan rijiya a hanya. Lokacin da maigidana ya rasu, na fita takaba na koma kasuwa, kowa ya yi mini doguwar gaisuwa. Ita kwanon dambu ta ajiye a gabana, ta tsare ni da ido har na cinye. Ba ta da salula, ta ce kayan yara ne. Ban damu ba, tunda mako ba ya juyowa ban gan ta ba.

Da aka rufe iyaka karon farko, sai ta riƙa biyo hanyar daji a bayan moto, wato babur, da jarka ɗaya tak a cinya. Takan iso ƙafafu a kumbure. Wata rana ta zo hannu Rabbana. Masu kaki sun tare su a wani shinge da babu shi makon da ya wuce, sun sauke jarkar. Ta zauna ta daɗe tana murza gwiwa, sannan ta ce, "Ni da na kawo wa dangin kakata man miya, wai ni ce 'yar fasa-ƙwauri." Na cika mata buhu duk da haka. Ta ce in bar shi, a komawa ma ƙwacewa za a yi. 'Yar kaɗan ta ƙulle a bakin zane.

Rufewa ta biyu, bayan sojoji sun karɓi mulki, ita ce ta raba mu. Mako ɗaya ba ta zo ba, na ce ƙafar ce. Wata ya cika, wani ya bi bayansa. Na ci gaba da bar mata gefenta na rumfa. Mai albasa da ke kusa da mu ya ce in ba shi wurin tunda ba kowa, na wanke shi tas a gaban mutane, har yau ba ya gaishe ni da daɗi. Kanwa ta taru mini a zaure ba mai ɗauka. 'Ya'yana duk sun watse, wannan Damagaram, wancan Agadas. In na dawo daga kasuwa da la'asar in tarar da gida shiru, ba wanda zan ba labarin abin da na gani. Na yi kewarta fiye da yadda na yi kewar wasu da muka haɗa jini.

Sai na fara tare direbobin da ke ratsa daji. Na ce wa ɗaya, "Ɗana, in ka je Nguru ka tambayo mini mai manja."

Ya ce, "Inna, wace mai manja? Ya sunanta? Wace unguwa?"

Na ce doguwa ce, da zanen Mangawa, tana ɗan ɗingishi. Ya ce rabin tsofaffin garin haka suke. Na ji haushinsa, amma haushin kaina ya fi. Har na ɗaura niyyar zuwa da kaina, 'yata ta hana ni ta salula. Ta ce in na isa tsakiyar kasuwar Nguru, wa zan kira?

Daga baya aka buɗe hanya. Manja ya dawo Gidigir, amma a manyan motoci, a hannun mazan da ban sani ba. Ina nan zaune wata ran kasuwa sai wani direba baƙo ya tsuguna yana zaɓen kanwa. Da ya ji daga Gure nake, ya ɗago kai.

Ya ce, "Af, Inna, akwai wata tsohuwa a tasharmu ta Nguru. Duk ran da muke lodi sai ta zo da sandarta tana tambaya ko mun san mai kanwa ta Gure. Mu ce wacce, ta ce 'yar'uwarta ce. Mu ce ya sunanta, sai ta yi shiru."

Na ce yaushe rabonsa da ita. Ya ce tun kafin damina ta daina zuwa. Na ce ko ya san sunanta, ko gidanta.

Ya ce, "Wallahi Inna, mu ma Iya muke ce mata."

Na roƙe shi ya duba mini ita in ya koma, ya ce to. Sau uku ke nan yana dawowa Gidigir. Duk ran da ya hango ni a rumfa, tun daga nesa yake girgiza kai.