Hannun Rigar Sundus

Ƙaltume ba ta taɓa buga ƙwallo ba, ba ta ma san dalilin da alƙalin wasa ke hura usur ba, kuma ba ta neman a koya mata. Ita tela ce. Daga Damagaram ta zo Madina shekara ashirin da shida da suka wuce, ta yi ɗinkin abaya a wani shago a unguwar Ƙurban har idonta ya koma sai da tabarau. Da wani ƙaramin kulob ɗin ƙwallo na 'yan mata ya buɗe a unguwar Ƙuba, aka ɗauke ta gyaran riguna, iƙamarta, takardar izinin zamanta, ta koma hannunsu. Ran da suka ce ta tafi, zamanta a ƙasar ya ƙare ke nan.

Aikin ba wuya. Duk shekara a kwaso sababbin yara ashirin, ta auna su, ta ɗinka wa kowacce ƙyallen sunanta a bayan riga. Bayan wata huɗu mai horarwa, Kaftin Nadiya, ta jera su daga ta ɗaya zuwa ta ashirin. Sha shida na sama su zauna, huɗun ƙasa a sallame su, Ƙaltume ta sa reza ta farke sunayensu don rigunan su jira na baɗi. Wannan farkewar ce ta tsana. Ta yi ta shekara biyu tana tsaki.

Bana takardar ta zo da Sundus a ta sha tara. Mai tsaron gida ce, 'yar shekara sha uku, an ce ba ta da tsawo. Ƙaltume ta sa aka sake karanta mata, ta ji ranta ya ɓaci. Sau biyu cikin wata huɗu ta saki kalmasar hannun rigar yarinyar nan, yatsa biyu-biyu, takalminta kuma ya fi na kowa girma. Su can suna jingina yaro da bango su auna ƙoƙon kai. Ita kuwa ta ɗinka wa yaran unguwa kayan Salla fiye da shekara ashirin, ta san ƙafa da hannu ke fara tafiya kafin jiki ya biyo.

Ta farke uku, ta ninke ta huɗun, ta Sundus, ta zauna a kai.

Nadiya jikar alhazan Kano ce, haihuwar Madina, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Da ta zo ta tarar ba a farke rigar Sundus ba, ta yi bayani cikin ladabi cewa jeri ya riga ya tafi wurin mudir, shugaban kulob, ba a taɓa shi, kuma ita Khala, kamar yadda take kiran Ƙaltume, ta tuna wa ke riƙe da takardunta.

"Na tuna, 'yata," in ji Ƙaltume. "Ga reza. In kin tabbata yarinyar nan ta gama girma, ki farke da hannunki. Ni wallahi ma agdar, ba zan iya ba."

Ba ta da kowa a Damagaram yanzu sai kaburbura. Duk da haka ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta ta ɗora bisa rigar, ta ce a kira Sundus ta buɗe hannuwa a auna daga yatsa zuwa yatsa, a kira wadda ta zo ta ɗaya cikin masu tsaron gidan ita ma a auna.

An auna. Sundus ta fi ta da yatsa uku. Nadiya ta daɗe tana kallon tef ɗin, ta ce khalas, shi ke nan, ta fita da takardarta.

Bayan kwana biyu sabon jeri ya fito. Ba a sallami kowa a madadinta ba, sai aka ƙara gurbi guda, Sundus ta sha bakwai, gwajin wata uku. Ƙaltume ta ce sha bakwai ma ƙarya ce, amma a bar shi haka. Ita kuma aka miƙo mata inzar daga ofishin mudir, takardar gargaɗi mai hatimi, aka ce in ta sake yi sai filin jirgi.

Ta juya takardar ta ga mai kauri ce, irin wadda take nema. Ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta zana sabon hannun rigar Sundus, ta ƙara yatsa huɗu na kalmasa saboda wata ukun, sannan ta sa almakashi.