Jan Gero a Zurmi

Mun tashi da asubar Laraba daga Gusau, mu uku cikin tsohuwar Fijo: ni da abokin aikina da direban da ya yi imani hon ya fi birki amfani. A bayan mota akwai kwalin fenti, damin takardu, da ambulan cike da hotunan zanen Turawa da na jima ina yankowa daga tsofaffin mujallu.

Wasiƙa ce ta tayar da ni. Wata tsohuwar ɗalibata da ke koyar da zane a wata firamare a Zurmi ta rubuto cewa tun da aka ƙaddamar da shari'a bara, hankalin wasu iyaye bai kwanta da darasinta ba. Ranar Juma'a bayan masallaci kwamitin iyaye zai yanke ko a bar shi ko a soke. Ta roƙi in zo in koyar sau ɗaya a gabansu. Na zaɓi wani salo da masu zanen Jamus suka yi fice da shi kusan shekara ɗari baya, inda mutum ke zana abin da ke cin ransa, ba abin da idonsa ya gani ba. Sararin sama kan fito ja don mai zanen yana cikin fargaba, itace ya karkace don baƙin ciki. Na ce bari in fara gwada bakina a Ƙaura da Shinkafi.

Damina ta yi kyau bana. Tun daga bayan gari gero ya rufe hanya dama da hagu, har ya fara fitar da kai. Mun isa Ƙauran Namoda hantsi bai ɗaga ba, muka karya da hoce da shayi kusa da tashar jirgin ƙasa. Mai shayin ya tabbatar mana jirgi yana nan tafe, sai dai bai faɗi watan ba.

A makarantar Ƙaura na yi abin kunya. Na yi wa yara bayani mai daɗi, na ce kowa ya zana fushinsa, sannan don in ba da misali na zana jan itace a allo. Da na karɓi takardu, sai ga jan itace arba'in, kowanne da reshe biyar irin nawa, har da inda allina ya goce. Yaran ba su da laifi. Tun aji ɗaya abin da suka sani shi ne malam ya zana kofi, su kwafi kofi. Abokin aikina ya yi ta dariya har Moriki, inda na toshe masa baki da fura da nono, naira ashirin ƙwarya guda, mai kauri da sai an tura ludayi.

Mun kwana Shinkafi muka wayi gari cikin kasuwar Alhamis. Raƙuma daga Nijar, shanu, buhunan dawa, albasa, mutum kam sai ka ce ƙasa ce ke tofo shi. Jan itatuwan Ƙaura sun cinye mini jan fenti, don haka na sayi garura, jan rinin nan, da shuni da ƙaro wajen wata tsohuwa, ta koya mini yadda ake dama su. A makarantar can ban taɓa allo ba. Na ce su zana yadda suka ji ranar ruwan farko. Wata ta ɗaga hannu ta tambaye ni wace kala ce ke da maki. Na ce duka. Daga nan hannuwa suka saku, takardu suka jiƙe da shuɗi da kore, rigunansu ma ba su tsira ba. Na ji daɗi ƙwarai, ko da yake na san iyaye mata ba za su sa mini albarka ba.

Juma'a da safe muka komo Ƙaura muka ɗauki hanyar Zurmi. A mota na ware duk hoton da ke da fuskar mutum ko dabba na ɓoye ƙarƙashin kujera, na kuma shirya jawabi kan bambancin zanen mai rai da marar rai.

Malamar ta tarbe mu a bakin aji, fuskarta ta nuna ba ta yi barcin kirki ba. Dattawa biyar suna zaune a benci daga baya. Ta raɗa mini cewa na tsakiya, mai farin gemu da sanda, shi ne shugaban kwamiti, abin da ya ce shi za a yi.

Na ɗaga hoton wata gona da aka yi wa jan sama da shuɗin tsauni. Ban kai ga jawabina ba dattijon ya buga sanda.

"Malam, tsaya. Zancen mai rai mun sani, ba shi ad damuwata ba. Ni dai ina tambaya, ina ka taɓa ganin samaniya haka? Ɗiyanmu muka kawo a koya musu gaskiya, ku ko kuna koya musu ƙarya da kala."

Jawabina ya tashi a banza. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, a ba ni rabin awa da yaran, sannan a yi mini hukunci." Ya ɗaga hannu alamar in ci gaba.

Na ce kowa ya zana gonar gidansu yadda yake jin ta a ransa bana. Da suka gama, dattijon ya tashi da kansa yana bin layi. Ya ga gona ruwan ɗorawa ya yi tsaki. Ya ga wata duk kore ya ce wannan dai da dama. Sai ya tsaya kan wata yarinya 'yar shekara tara, wadda daga baya na ji jikarsa ce. Geronta ja ne jawur, ya tashi har ya taɓa sama, a tsakiyar gonar kuma ta bar doguwar hanya fara fat, ba ta sa mata komai ba.

"Ke Rabi, mi ag wanga? Gero ja? Nan kuma kala ta ƙare miki?"

Yarinyar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Nan ne kuyyar da Baba ya tsaya. In na kai abinci gona, ba ni son bi ta wurin, zahi nike ji."

Malamar ta gaya mini mahaifin ya rasu farkon damina, yana tsakar noma a kan wannan kunyar gonar. Ɗan dattijon ne na fari, kuma tun ranar yarinyar ba ta ambaci sunansa a gida ba, har ana cewa ƙuruciya ta sa ta manta.

Dattijon ya jima tsaye da takardar a hannu. Ni kaina sai da na juya na dubi taga, don idona ya cika. Can ya ce da sauran dattawan, murya ƙasa-ƙasa, "Wagga ba ƙarya ba ce. Ni ma haka nike ganin wurin." Bai jira bayan masallaci ba. Ya ce darasi ya ci gaba, a dai nisanci zana mai rai. Sannan ya tambayi Malamar ko an yarda ya tafi da takardar gida.

Mun bar Zurmi bayan la'asar, kwali ba komai ciki, don na bar wa Malamar sauran garura da ƙaro. Muka shigo Gusau ana kiran magariba. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to ni ta koya mini in daina zana wa yara itace a allo, in kuma daina shirya amsa kafin in ji tambaya. Na tafi da hotunan manyan masu zane don in kare darasin, amma 'yar shekara tara ce ta kare shi, da wurin da ta bari ba ta shafa wa kala ba.