Babin Tausaya wa Mace

A tashar Mubi, inda ake jiran Fijo mai zuwa Yola ta cika, benci ɗaya ne a inuwar dalbejiya, kuma yau wani bawan Allah ya gaje shi, shi da jakarsa. Liyatu mai ƙosai tana kallonsa ta cikin hayaƙin kaskonta. Ga kwat cikin wannan uban zafi, ga biro uku a aljihu, ga tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare. A ranta ta ce wannan ba zai wuce akawun gwamnatin Gongola ba, irin masu gyara duniya da baki.

Littafi yake karantawa, mai hoton mata da miji suna wa juna murmushi a bango. Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya gyaɗa kai, ya ja layi da jan biro kamar mai makin jarrabawa.

Matarsa kuwa tana tsaye a rana, goyo a baya, buhun dawa jingine da ita.

"Baban Kwaji," in ji ta, "ɗan matsa in zauna mana, ƙafata ta kumbura."

Ko kai bai ɗaga ba.

"Haba, Selina! Ina kan babin tausaya wa mace ne fa. Bari in gama, ai don ke nake wannan wahala."

Liyatu ta tashi, ta tura wa matar kujerarta ta tsuguno.

"Zauna, 'yar'uwa. Ni ban yi makaranta ba, shi ya sa na ga ƙafarki."