Lami Mai Famfo a Ɗakin Mai Jego

Wanda ya ga yayata Lami yanzu a Tudun Wadan Gusau, tana shiga gidaje da jakar sifana a ƙarƙashin hijabi, sai ya ɗauka jiya ta fara. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya a 'Yandoto na san ba haka ba ne. Tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu yana yoyo ta wuce. Bokiti ya tsage, sai ta sa ƙusa a wuta, ta narka guntun silifa ta liƙe shi. Buta ta huje, ita ce dai. Silifana nawa suka tafi a wannan hidima, Allah kaɗai ya sani, kuma har yau ban ce na yafe ba.

Sai Allah ya haɗa ta da Shu'aibu mai famfo, ya ɗauko ta daga ƙasar Tsafe ya kawo Gusau. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son dogon zance, aikinsa kuma ba a sakewa. Amma famfon tsakar gidansa kullum cikin ɗiga yake, in an yi magana ya ce gobe. Ran nan Lami ta gaji. Yana fita ta buɗe jakarsa, ta rufe ruwa, ta kwance kan famfon, ta tarar robar ciki ta cinye, ta yanko wata ta sa. Da ya dawo sai ya tsaya tsakar gida yana kasa kunne, ya ji gidan ya yi tsit, ya rasa abin da ya sauya. Da ya gane bai yi faɗa ba, dariya ya yi ta yi. Daga nan ya riƙa kwaso mata tsofaffin kawunan shawa da suka toshe, tana jiƙa su da ruwan lemon tsami tana tsokace hudojin da allura. Ya koya mata yankan bututu, da shafa gam, da yadda ake naɗa farin tef a bakin ƙarfe. Duk wannan a cikin gida ake yi, ba wanda ya kawo a ransa cewa za ta fita da shi.

Abin da ya fitar da ita haihuwar Husna ce. Mijin Husna, Isah, direban tirela ne, ya gina sabon gida a unguwarmu, har da banɗaki a cikin ɗakin matarsa: tayil, shawa, tanki a sama. Shu'aibu ne ya ja ruwan gidan kaf. Husna ta haifi ɗanta na fari Isah yana kan hanyar Kudu, sai uwarta, Inna Mairo, ta taso daga Furfuri don ta yi mata wankan jego. Damina ce, makewayin waje ba rufi, don haka a banɗakin ɗaki ake wankan.

Ba a jima ba bangon da ya raba banɗakin da ɗakin ya fara jiƙewa daga ƙasa. Fenti ya kumbura, ruwa ya bi ƙarƙashin ledar ɗaki har ƙafar gado. Inna Mairo kuwa Allah ya ba ta baki, kuma ba ta ajiye shi a Furfuri ba. Duk macen da ta zo barka, kafin ta ga jariri sai ta ga bango.

"Ku diba aikin Shu'aibu mai famfo!" in ji ta. "Gida ko shekara bai yi ba, bango na kuka. Wanga ai cin amana na."

Maganar da aka yi a gidan barka da hantsi, kafin magariba ta kai kunnen mazaje. Wani Alhaji da ya yi wa Shu'aibu alkawarin aikin sabon gidansa ya bugo waya ya ce a dakata tukuna. Mai famfo ba shi da shago, ba shi da allo a bakin titi, sunansa kaɗai yake ci da shi. Ga suna yana tafe, ranar da matan Gusau da na Bungudu da na Tsafe za su cika gidan, Inna Mairo kuma ta samu taron da take so.

Shu'aibu ya kira Isah ya roƙi izinin shiga ya duba. Isah ya ce a'a. Matarsa tana jego, banɗakin a ɗakinta yake, shi kuma ba ya gari, babu namijin da zai shiga sai ya dawo. Dawowar tasa kuwa sai safiyar suna. Lami tana gefen Shu'aibu tana ji. Sai ta taɓa shi.

"Malam, tambaye shi. Mace hwa?"

Ya tambaya. Isah ya fashe da dariya har muryarsa tana fitowa waje, ya ce, "In mace ta, ta shiga har ƙarƙashin gado!"

Ban taɓa ganin Lami cikin ɗoki irin na washegari ba. Da hantsi ta faɗo gidana ko sallama ba ta gama ba, ta ce in taso. Ta jera kayan aiki a fanteka, ta rufe da faifai, ta aza mini a kai, wai don kada unguwa ta biyo mu kallo. Shu'aibu yana biye da mu daga nesa kamar ba tare muke ba. A ƙofar gidan Isah ya tsaya, mu muka shige.

Inna Mairo ta ga fanteka ta washe baki, ta zaci abincin barka ne. Ta ɗaga faifai. Sifana, zarto, guduma, gwangwanin gam.

"La'ilaha illallahu! Miji ya ɓata, an aiko matar ta ida?"

Ni har na buɗe baki, don ba na haɗiye irin wannan. Lami ta taka mini ƙafa. Ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ta yi barka, ta ɗauki jariri ta yi masa addu'a, sannan ta ɗaure zane ta shiga banɗaki.

Shawa ta fara dubawa, don a kanta kowa ya ɗora laifin. Ta kwance kan, ta shafa mahaɗar, ta bi bangon da hannu daga sama. Ko'ina a bushe. Husna ta leƙo ta ce ai tun da ta haihu ba wanda ya kunna shawar nan. Lami ta juyo ta dube ni, idanunta suna ƙyalli. Sai ta fito ta tsuguna a gindin bangon da ya jiƙe ta wajen ɗaki, ta ɗora tafin hannu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Asiya, zo taɓa nan."

Na taɓa. Bangon da ɗumi.

"Ruwan tanki da sahen damina ɗumi garai?" ta ce da ni a hankali. Ta juya wajen Husna. "Yaushe anka yi maki wanka?"

"Yanzu-yanzun ga, kahin ku shigo."

Lami ta koma ciki kamar an harba ta. Ta cire murfin rariyar ƙasa, ta zura hannu, ta jawo wani dunƙulen ganyen dogon yaro, ta sake zurawa ta jawo wani. Sannan ta ɗauki guduma ta fara fasa tayil ɗin da ke kewaye da rariyar. Inna Mairo ta ɗora hannu a ka tana salati, ta fita tsakar gida tana kiran mutane su zo su ga an rushe wa surukinta gida. Lami ko waiwaye ba ta yi ba. Ta fasa, ta haƙa, ta kwashe ƙasa da hannu, har ta kai ga bututun da ke fitar da ruwan wanka. Da ta jawo shi sai ga shi ya lanƙwashe ya yamutse kamar taliyar da ta wuce dahuwa, bakinsa ya zare daga mahaɗa.

Ashe tafasasshen ruwa Inna ke saukowa da shi daga wuta, tana tsoma ganye tana fyaɗa wa Husna, in ta gama ta tuttule sauran a rariya. Ganye ya toshe hanya, ruwan zafi ya kwanta cikin roba safe da yamma, har ya dafa ta. Ruwan da ya rasa hanya ya bi gindin bango.

Wani daɗi ya kama ni. Na ce ta ba ni bututun nan in kai wa tsohuwa har gaban hancinta. Lami ta fizge shi ta cusa a leda.

"Gaban ɗiyatta? Da ta taso tun daga Furfuri tana hura wuta sahe da marece? Ke dai Asiya ba ki da kai."

Ni na zama 'yar aike tsakaninta da ƙofar gida. Shu'aibu yana can yana kai da kawowa, duk fitowata sai ya tare ni da "Mi tag gani?" Ya je ya samo bututu mai kauri, ya yanka daidai yadda ta auna da zare, na kai mata. Ta shafa gam, ta haɗa, ta zuba bokitin ruwa muna kallo. Ruwa ya wuce sumul ya fita kwatar waje, ko ɗigo bai tsaya ba. Lami ta yi tsalle a banɗakin mutane kamar yarinya. Ta dama siminti ta rufe, ta sa raga a bakin rariya don ganye. Ta ce a riƙa wankan cikin babban baho, a bar ruwan ya huce kafin a zubar, sannan ta raɗa wa Husna ta lallaɓi Inna ta riƙa surkawa. Husna ta riƙe hannunta ta ce, "Allah shi yi maki albarka, Yaya Lami. Wallahi ni ma na dahu."

Muka dawo gida muna murna, muna zaton an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Bango ya fara bushewa, sai Inna Mairo ta sauya waƙa. Ranar suna gida ya cika maƙil, mata har bakin zaure, tana ganin Lami ta kamo hannunta ta ɗaga sama.

"Ga ta nan! Ita ta gyara ɓarnar mijinta! Wallahi matar ta hi mijin, shi dai a bar shi da ɗaukar jaka!"

Aka yi shewa, ana ta taɓa Lami ana sa albarka. Ni raina ya ɓaci, na dubi yayata na ga fuskarta ta sauya. Ta zo ta wanke sunan mijinta, sai ga shi an ɗora ta a kansa ana tattakawa. Shi kuma yana waje cikin maza, katanga kaɗai ta raba shi da wannan shewa.

Sai na ga ta buɗe jakarta ta fito da ledar nan. Ni kuwa na san halin Inna Mairo in an kunyata ta cikin taro. Lami ta durƙusa a gabanta, ta zaro lanƙwasasshen bututun ta miƙa da hannu biyu.

"Inna, ni tambaya gare ni. Na shiga gidajen jego ba iyaka, ban taɓa ganin ruwan da yad dahwa bututu ba sai naki. Wagga roba ana bizne ta ta yi shekaru ba ta motsa ba. Ruwanki kwana kaɗan ya yi mata haka. Don Allah da wane icce kika hura wuta?"

Inna Mairo ta karɓi bututun, ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta gwada miƙar da shi ya ƙi.

"Ruwana yay yi wanga?"

"Naki, Inna. Malam Shu'aibu ya yi ma gidan ga aikin 'yan birni masu wanka da ruwan ɗumi. Bai san jegon Furfuri za a yi ciki ba."

Tsohuwa ta miƙe tsaye a hankali. Sai ta ɗaga bututun sama ta rangaɗa guɗa.

"Ku diba! Ku diba ruwan jego na gaskiya! Ku da kuka ba ɗiyanku ruwa awa na alwala, ku zo ku gani!"

Gida ya kaure. Tsofaffi suna karɓa suna dubawa suna jinjina kai, 'yan mata suna dariya har da riƙe ciki, Husna ta rufe fuska da mayafi. Inna ta bi tabarma tabarma tana nunawa, kowa sai ya taɓa. Tana cikin zagayen sai ta tsaya cak, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ta gyara lulluɓi, ta ratsa mata ta nufi zaure da bututun a hannu. Muka bi ta a guje.

Daga bakin zaure ta ɗaga murya, maza suna zaune a kan tabarmi, Isah yana cikinsu.

"Ina Shu'aibu mai famfo? Ɗana, na ci namanka kwana da kwanaki, ashe ba ka da laihi. Ruwana ne yaf fi ƙarhin robarka. Ka yahe mani."

Shu'aibu ya taso ya tsuguna, kansa a ƙasa. Ya ce, "Ba komi, Inna. Amma in za ki sake jego a Gusau, ki aiko a hwaɗa mani, in sa na ƙarhe."

Maza suka kwashe da dariya, Inna ta fi kowa. Lami tana bayan ƙofa ta damƙe hannuna har yana mini zafi, tana dariya hawaye na zuba.

"Kin ji, Asiya?" ta ce. "Da bakinta, kuma gaban maza."