Sirrin da Na Kai Gidan Kawunta

A lokacin da abin nan ya faru, ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a gefen garin Gadarif na ƙasar Sudan, daya kamar yadda ake kiranmu a nan. Na kusa shekara arba'in, yaran unguwarmu da dama a hannuna suka faɗo, kuma ina ji da kaina cewa babu abin da ya shafi mace da zai gagare ni. Kakanninmu daga yamma suka taso za su hajji, suka yada zango a nan, zangon ya zama gida, don haka Hausa da Larabci duk a bakina suke. Ina roƙon edita ya sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Wata shekara gab da damina wasu likitoci suka zo mana da bincike. So suke su gane ko zama da mai ciki a keɓe, a saurare ta, a taya ta tsara yadda za ta kare kanta, yana rage dukan da wasu maza ke yi wa matansu. Suka ɗauke ni aiki saboda matanmu sun fi sakin jiki da Hausa. Shugabar aikin likita ce mai sanyin magana, muna ce mata diktora. Ta koya mana cewa ba a tambayar mace sai an rufe ƙofa, kuma sai ta yarda da bakinta. Ba a rubuta suna, sai lamba. In miji ko dangi suka shigo, sai mu juya hirar ta koma kan abincin mai ciki. Ta nanata mana cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan a ɗakin zai tsaya. In muka ga rai na cikin haɗari, wurinta za mu zo, sannan a zauna da matar a ji abin da ita take so a yi.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Duk matar da ta shiga, ambulan ake buɗewa a ga rukunin da ta faɗa. Wasu za a riƙa zama da su sau da yawa, wasu kuma awon da aka saba kawai za a yi musu, a gaya musu inda ake neman taimako. Na ce wa diktora wannan ai rashin adalci ne. Ta ce har yanzu babu wanda ya san ko zaman yana da amfani, ko ma yana ƙara jawo wa mace fitina, shi ya sa ake gwadawa. A raina na ce boko ne ke ɗawainiya da ita.

Cikin matan akwai wata da na sani tun tana amarya, 'yar garin Mafaza ce, aure ya kawo ta unguwarmu. Mijinta wakilin wani mai manyan gonaki ne, shi ke ɗibar ma'aikata ya kai su girbi, mutum mai fara'a a waje, kowa na gaishe shi. Tana da ciki wata biyar. Da na rufe ƙofa na karanta mata tambayoyin, ta daɗe tana murza gefen tob ɗinta, wato babban mayafin da matan nan ke naɗawa, sannan ta yaye shi ta nuna mini bayanta. Na ga shatin bulala, sabo a kan tsoho. Ta ce shekara uku ke nan, kuma tun da ta sami ciki abin ya ƙaru. Aka buɗe ambulan, ta faɗa rukunin da ba a zama da su.

Kafin ta fita ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, don Allah kada kowa ya ji. Na riga na shirya. In cikin ya tsufa zan tafi Mafaza haihuwa wurin innata, shi ma ya yarda. In na je ba zan dawo ba." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, babu mai ji.

Kwana uku ina juya maganar. Ina ganin wata huɗu ya yi nisa, ina ganin takarda ta hana ta taimako, ni kuwa na san hanyar da ta fi. Ban je wurin diktora ba, don na san cewa za ta yi a tambayi matar, ita kuma matar cewa za ta yi a bari. Wata Juma'a bayan la'asar na yafa tob na tafi gidan kawunta, dattijo ne mai sayar da dawa a kasuwa, shi kaɗai ne danginta a garin. Aka kawo shayi, na zayyana masa komai, har da shatin bayan. Maganar Mafaza ma, da ya matsa da tambaya, ta suɓuce mini. Ya yi salati, ya yi mini godiya, ya ce in bar komai a hannunsa. Na dawo gida ina jin na yi abin lada.

Abin da ya yi shi ne ya tara dattawan unguwa, ya kira mijin a gabansu. An ce mijin ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, ya ce sharrin shaiɗan ne. Don a nuna masa girman abin, kawun ya ce ga shi har yarinya na shirin guduwa gida. Aka yi fatiha aka watse, kowa na cewa an sasanta. Ranar awonta ta zo, ba ta zo ba. Na aika, aka ce ba ta jin daɗi. Na je da kaina, mijin ya tare ni a ƙofa da murmushi, ya ce daya ta huta, daga yau iyalinsa ba sa bukatar asibitinmu. Da lokacin yankan riɗi ya yi, ya ɗauke ta da tsohon ciki zuwa Fashaga, wai za ta riƙa dafa wa ma'aikata abinci a sansanin gona. Babu maganar Mafaza kuma.

Wata rana da rana tsaka wata lori ta tsaya a ƙofar asibiti, an shimfiɗa 'yar Mafazan nan a kan buhuna, matar wani ma'aikaci na riƙe da kanta. Ni ke bakin aiki. Jini ya jiƙa komai, gefen fuskarta ya kumbura har ido ɗaya ya rufe. Na sa abin saurare a cikinta, ban ji komai ba. Mijin na tsaye yana gaya wa kowa cewa daga kan lori ta faɗo. Muna shirin tura ta babban asibiti ta buɗe idon da ya rage, ta gane ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Yaya, ke kaɗai na gaya wa." Kafin la'asar ta cika. A wurin zaman makoki kawun ya ce mini kwana ne ya ƙare. Babu wanda ya tuhumi kowa.

Na je na faɗa wa diktora abin da na yi. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai cire tabarau, ta ce dole ta kai rahoto wurin masu sa ido kan binciken. Aka cire ni daga aikin, kuma hakan daidai ne. Amma ɓarnar ta riga ta yaɗu. Labari ya zaga unguwa cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan yana isa kunnen maza. Matan da suka fara zuwa suka janye, sababbi kuma duk wadda aka tambaya sai ta ce lafiya lau take zaune. Ba a daɗe ba aka rufe aikin a asibitinmu. Ban san abin da binciken ya gano ba, ban taɓa samun fuskar tambaya ba.

Shekaru sun wuce, na yi istigfari har ban san iyaka ba, amma wadda ya kamata in roƙa gafara ba ta nan. Abin da na gane a makare shi ne, matar da ke zaune da mai dukanta ta fi kowa sanin abin da ke tunzura shi da ranar da za ta iya kuɓuta. Ni ban san ko ɗaya ba, tausayina kawai na sani, na ɗauka ya isa. 'Yan'uwana ungozomomi, ma'aikatan asibiti, da duk wadda wata ta taɓa yaye wa mayafi ta nuna mata tabo, kada ku ɗaga ƙafa zuwa ko'ina sai kun tambaye ta. In kun ji tsoro a kanta, ku gaya mata kuna jin tsoro, ku nemi mafita tare da ita da wanda ya san aikin.

Har yau ina karɓar haihuwa a asibitin. Watan jiya wata mai ciki ta zo da shatin yatsu a wuya. Na rufe ƙofa, na tambaye ta a hankali. Ta dube ni, ta san ko ni wace ce, ta ce igiyar shanya ce ta shaƙe ta. Haka na rubuta.