Kalmomi Biyu da Inna Ta Aro

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wannan yaron" nake a bakinta. Ƙannena su hau cinyarta su yi ta shagwaɓa, ni kuwa ko ido ba ma haɗawa. Na san kunya ce ta al'ada, amma sanin bai hana ni jin ciwo ba.

Da na gama firamare a Garwa, ƙasarmu mai Faransanci ba ta daɗe da haɗewa da ɓangaren masu Ingilishi ba, sai aka zaɓe ni makarantar kwana can kudu, a ɓangaren nasu. Maƙwabciyarmu, wata malamar asibiti 'yar Bamenda da muke kira Madam, ta ce za ta koya mini Ingilishi, kuma tare za mu tafi tunda za ta hutu gida.

A tsakar gidanmu muke zama da la'asar, Inna na gefe tana yankan kuɓewa kamar ba ta san da mu ba. Ranar da muka zo kan "look after" na sha wuya. Kowace kalma na san ta, amma da suka haɗu sai suka gagare ni. Madam ta gaji da bayani, ta sunkuci ƙanwata, ta share mata majina, ta gyara mata zane, ta rungume ta. Ta ce da Faransanci, "Ka gani? Shi ke nan."

Ranar tafiya na sa rai Inna za ta ce mini ko da "Allah ya kiyaye" ne. Baba ya yi addu'a ya wuce mahauta. Inna ta ƙulle kilishi da dakuwa, ta ba ƙanena ya miƙo mini. Raina ya ɓaci, na ɗauki akwatina ban waiwaya ba.

Ni da Madam mun kai zaure sai na ji takun Inna, ita da ba ta leƙa zaure da rana. Ta wuce ni, ta kama hannun Madam da hannu biyu.

"Luk afta," ta ce. Ta nuna ni da haɓa. "Luk afta, Madam."

Madam ta ce, "To, Inna." Iyakar Hausarta ke nan.

Inna ta juya ciki da sauri, tana mitar hayaƙi ya shiga mata ido, alhali murhu na can bayan gida.